Ɗan Sanda Ne Ko Sojan Gona? Darasin Wani Dare A Chikaji

Abin da zan yi bayani a kansa bana ba a aji na koyo shi ba. A bakin layinmu na koyo shi, cikin dare, ina riƙe da butar shayi. Tambaya ce guda ɗaya tak: idan 'yan sintirin unguwa, da makamai a hannunsu, suka yi kiciɓis da mutumin da ba ya sanye da kayan sarki, ga shi da bindiga, yana cewa shi ɗan sanda ne, yaya za su yi? In sun yarda da shi haka kawai, wataƙila sun miƙa ɗan'uwansu ga ɓarayin mutane. In kuwa sun far masa, wataƙila sun kashe ma'aikacin hukuma a bakin aikinsa. Gaba kura, baya siyaki ke nan.

Ni a Chikaji aka haife ni, cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari. Duk wanda ya san Sabon Garin Zariya ya san gari ne da jirgin ƙasa ya haifa, tun da aka shimfiɗa dogo ya ratsa ta nan zuwa Kano a 1911. Saboda haka tun asali wurin baƙi ne. Ga babbar kasuwa, ga barikin soja, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tun 1962. Baƙuwar fuska ba ta taɓa zama abin tsoro a wajenmu ba, sai da satar mutane ta matso kusa. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Nuhu Bamalli da dare, suka kwashe ɗalibai da malamai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Unguwanni da yawa suka tashi tsaye wajen sintiri, mu ma ba a bar mu a baya ba.

Abin da ya faru

A layinmu magidanta suka yi karo-karo aka gitta shingen ƙarfe a bakin hanya, ana rufewa da sha ɗaya na dare. Samari takwas ke kwana a wurin bi da bi. Makamansu gora da adda da kwari da baka, sai adaka guda biyu irin ta maharba. Yayana yana cikinsu, ɗaya daga cikin bindigogin kuwa a hannunsa take. Shugabansu wani dattijo ne da ya tsufa a aikin jirgin ƙasa, muna kiransa Baba Reluwe. Shi ba ya riƙe komai sai tocila da usur.

Ran nan, cikin hutun hunturun da ya wuce, Inna ta aike ni in kai wa Yaya shayi. Isata ke nan ana shirin rufe shinge, sai muka ji kururuwar mace daga ƙarshen layi: "Jama'a ku kawo ɗauki! Sun tafi da shi!" Kafin ka ce kwabo sai ga wata ƙaramar mota mai duhun gilashi, ba lamba a gabanta, ta taho a guje. Wani yaro ya yi wuf ya saki shinge, mota ta ci burki. Mutum uku suka diro, duk da kayan gida irin na kowa, biyu suna riƙe da manyan bindigogi. Na huɗu yana ciki, ya danne wani matashi mai gyaran waya da ke haya a layinmu, an sa masa ankwa.

Babbansu ya daka tsawa, ya ce, "Ku buɗe hanya! Mu 'yan sanda ne!"

Wani daga baya ya ce, "Ƙarya ne! Ai haka suke cewa!" Nan da nan gidaje suka buɗe, mutane suka yi ta ɓarkowa, har na ji wani yana cewa a kawo taya da fetur. Na dubi Yaya, na ga ya ɗaga adaka, yatsansa a kan kunama, hannunsa yana rawa. Ban san sa'ad da butar shayi ta suɓuce mini ba.

Sai Baba Reluwe ya busa usur sau ɗaya, ya ce, "Mai bindiga ya mai da bakinta ƙasa. Mai adda ya ja da baya taku goma. Mai babur ya kunna fitila." Ya zo ya dafa bakin bindigar Yaya ya sauke ta, ya ce, "Haba ɗana, ba ka san wanda kake aunawa ba." Sa'an nan ya taka shi kaɗai zuwa wajen mota, hannuwansa a buɗe, hasken tocila a ƙasa, bai dalla wa kowa a ido ba.

Ya ce, "Yallaɓai, sannunku da aiki. Ni ne babba a wajen yaran nan. Ba mu tare ku don mu hana hukuma aikinta ba. Amma dare ne, ba mu ga kaki ba, ba mu ga lamba ba. Mene ne sunanka, daga wane ofis kuke, kuma me yaron nan ya yi?"

Mutumin ya zaro kati cikin fushi, ya ce, "Ga shi, Baba, karanta. Kuna ɓata mana lokaci." Baba ya haska, ya karanta suna da lamba da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ya waiwayo ya ce da ni, "Kai ɗan makaranta, rubuta." Ba takarda, sai a tafin hannuna na rubuta. Baba ya mayar da kati da hannu biyu, ya ce, "Na gani, ranka ya daɗe, amma kati ba ya magana. Bari mu ji daga bakin ofis."

Mutumin ya miƙo wayarsa, ya ce, "To, ga maigidanmu, yi magana da shi."

Baba ya ce, "A gafarce ni, wanda za ka kira mini ban san shi ba. Mu za mu kira wanda muka sani."

Aka taso mai unguwa, shi kuma ya kira baturen 'yan sanda na yankinmu. Kusan rabin sa'a muka yi muna jira, Baba yana tsaye tsakanin mota da jama'a, duk wanda ya ɗaga murya sai ya kira sunansa da na ubansa, ya ce ya koma baya. Can sai ga motar sintiri da 'yan sanda cikin kaki. Saje ya duba katunansu, ya yi magana ta waya, ya juyo ya ce mana na gaske ne. Ashe daga wata jiha suka biyo sawun wayar da aka yi fashinta, suka shigo ba tare da sun sanar da ofishin yankin ba. Aka ɗaga shinge. Mai unguwa da wan yaron suka bi su a babur har caji ofis. Bayan kwana biyu aka sako shi, domin an gane saye ya yi bai san ta sata ce ba.

Abin da ya sa gane su ke da wuya

Kakana yakan ce a zamaninsu ba a ɓata wajen gane hukuma. Dogarin Sarkin Zazzau tun daga nesa za ka hango ja da kore a jikinsa. Ɗan doka na En'e kuma yana da kakinsa, sau da yawa ma ɗan gari ne, an san gidansu. Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya an haɗa ta wuri guda a 1930, 'yan doka kuwa sai a ƙarshen shekarun 1960 aka narkar da su a cikinta. Yanzu ɗan sanda yana iya zuwa daga kowace kusurwa ta ƙasa, ba wanda ya san fuskarsa.

Bugu da ƙari, akwai 'yan sandan ciki, waɗanda aikinsu na bincike ba ya yiwuwa da kaki, gama ɓarawo ba ya tsayawa in ya hango shi. Rundunar yaƙi da fashi da aka sani da SARS, wadda aka kafa a Legas a 1992, da kayan gida da motoci marasa alama ta riƙa aiki. Koke-koke suka yi yawa a kanta, har ran 4 ga Oktoba 2020 Sufeto Janar Mohammed Adamu ya ba da umarni kada ɗan sanda ya fita sintiri da kayan gida, ran 11 ga watan kuma aka rushe rundunar. Su kuma miyagu sun gane inda tsoronmu yake, sai su ari suna ko rigar hukuma su yi sojan gona. Watau kaki ba hujja ba ne, rashinsa ma ba hujja ba ne. Kama da wane ba wane ba ne.

Ga misalai huɗu da na bincika, kowanne da abin da yake koyarwa.

Ran 6 ga Agusta 2019, a hanyar Ibi zuwa Wukari a Jihar Taraba, 'yan sanda cikin kayan gida sun ɗauko Hamisu Bala Wadume, wanda ake zargi da satar mutane, a wata farar bas. Sojoji suka buɗe musu wuta, 'yan sanda uku suka mutu har da farar hula da ke tare da su. Rundunar soja ta ce an zaci ɓarayin mutane ne, rundunar 'yan sanda kuwa ta musanta wannan bayani. To, idan tsakanin masu horo irin wannan ta auku, ina ga yaro mai adaka?

Ran 13 ga Maris 2020, a birnin Luwibil na Amurka, 'yan sanda cikin kayan gida suka ɓalla ƙofar wata ma'aikaciyar asibiti mai suna Breonna Taylor bayan tsakar dare. Su sun ce sun faɗi ko su wane ne, mutumin da ke tare da ita ya ce bai ji ba. Yana da bindiga mai lasisi, ya yi harbi ɗaya, ya sami ɗan sanda a ƙafa. Suka mayar da harsashi 32, Breonna ta mutu tana da shekara 26. Wanda ya yi harbin ya tsira, wadda ba ta riƙe komai ba ita ta tafi.

A watan Maris na 2021, a birnin Landan, wani ɗan sanda na gaske mai suna Wayne Couzens, ba ya bakin aiki, ya nuna wa Sarah Everard katinsa, ya sa mata ankwa kamar kamu ne, ya tafi da ita ya kashe. An yanke masa ɗaurin rai da rai. Bayan haka 'yan sandan Landan suka fito da tsarin da ɗan sandan farin kaya, in shi kaɗai ne, zai kira ofis ta wayar bidiyo a tabbatar da shi. Ashe gaskiyar Baba Reluwe, kati ba ya magana.

A ƙarshen Maris na 2025 kuma, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan banga sun tare motar da ta ɗauko maharba daga Fatakwal za su Kano bikin Salla. Aka ga bindigogin farauta, aka ce ɓarayin mutane ne, taron jama'a ya kashe mutum 16. Mun yi kuka ƙwarai da wannan. Amma wanda ya nemi taya da fetur a layinmu, ba hanyar mutanen Uromi ya kama ba?

Abin da doka ta ce

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ɗora wa ɗan sanda nauyi. Kafin ya binciki mutum ko mota a hanya, sai ya faɗi sunansa da ofishinsa da abin da yake nema da dalilinsa, kuma sai yana cikin kaki ko ya rataya katin shaidarsa a fili. In ya kama mutum sai ya gaya masa dalili. An kuma hana kama wani a madadin wani, kamar a rasa ɗa a tafi da uba. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 35, ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Saboda haka tambayoyin da Baba ya yi ba rashin kunya ba ne, haƙƙi ne.

Amma mu ma doka ta ɗaure mu. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan. Ko rundunar 'yan sintiri ta Jihar Kaduna, wadda aka yi wa doka a 2016, taimaka wa jami'an tsaro aka kafa ta ta yi, balle sintirin layi. Farar hula yana iya kama wanda ya ga yana aikata laifi, amma wajibi ne ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Ba shi da ikon duka, balle kisa. Dokar Makamai ta 1959 ta ɗora mallakar bindiga a kan lasisi. Dokar laifuffuka da aka fara aiki da ita a Arewa a 1960 ta yarda mutum ya kare ransa da na waninsa, amma da iyaka: kada ya wuce gwargwadon abin da kariya ke bukata, kuma ba ya fakewa da kare kai matuƙar akwai sararin neman taimakon hukuma. Ita wannan doka ta sa yin sojan gona da sunan ma'aikacin hukuma laifi ne, haka kuma hana ma'aikacin gaske aikinsa laifi ne.

Darussan da na tsinta

Washegari na sami Baba a ƙofar gidansa yana shan hantsi. Na gaishe shi, na ce, "Baba, yaya aka yi ka gane na gaske ne?" Ya yi dariya, ya ce, "Wa ya ce maka na gane? Ban gane ba, kuma ba aikina ba ne in gane. A reluwe, komai saurin direba, jirgi ba ya barin tasha sai tasha ta gaba ta ba da hanya. Ni jiran hanya kawai na yi."

Wannan ita ce maganar da nake so mu riƙe. Cikin duhu ba mai iya raba ɗan sanda da sojan gona da ido. Aikin mai sintiri ba shari'a ba ne. Aikinsa shi ne ya jinkirta al'amari, ya kawo haske da shaidu, har hukumar da aka sani ta iso. Ga yadda na tsara abin da na gani.

Na farko, baki ɗaya ke magana. Babba shi zai je, hannu ba makami, sauran su ja da baya, bakin bindiga a ƙasa. Wanda aka auna, ko na gaske ne ko na ƙarya, harbi zai yi don tsoro.

Na biyu, a tambaya da ladabi: suna, ofis, laifin wanda aka kama, da inda za a kai shi. A rubuta suna da lambar kati da irin mota da launinta.

Na uku, a kira lambar da aka sani tun da rana, ba wadda baƙo ya miƙo ba. Ya kamata kowane shugaban sintiri ya riƙe lambar mai unguwa da ta ofishin yanki. Akwai kuma 112, lambar neman ɗauki ta ƙasa.

Na huɗu, a tsare taron jama'a kamar yadda ake tsare baƙin. A daren nan hatsarin da ke bayan Baba bai gaza wanda ke gabansa ba.

Na biyar, da zarar an tabbatar na gaske ne, a buɗe hanya, ko da ana ganin wanda aka kama ba shi da laifi. A bi shi caji ofis a san inda yake. In an yi masa ba daidai ba, akwai sashen karɓar koke na rundunar, akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, akwai kotu.

Na sake tambayar Baba, na ce, "To, da sun ƙi jira fa, suka ɗana bindiga?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Da na ɗaga shinge da hannuna. Adaka sau ɗaya take tashi, tasu kuwa ba ta gajiya, ga mata da yara cike da layi. Sai mu yi ta waya a tare gaba, mu faɗi kamannin mota da inda ta nufa. Wanda aka tafi da shi da rai ana sa ran dawowarsa. Gawa ba ta dawowa. Amma lura, na gaske yakan yi fushi ya jira, na ƙarya shi ne ba ya son jin an ce ofis." Ya ƙara da cewa in mutane sun zo suna harbi tun daga nesa, wannan wata magana ce dabam, kowa ya san ba ɗan sanda ake tambaya ba a lokacin.

A ƙarshe ina roƙon iyayenmu, kada a ba yaro makami a tura shi sintiri sai an san dattijon da zai tsaya a kansa. Ina roƙon jami'an tsaro, in za su shigo unguwa da kayan gida su fara biyawa ta ofishin yanki, su nemi mai unguwa, domin ransu da namu. Mu kuma ɗalibai, kada bakinmu ya zama na farko wajen ihun "ɓarawo" a kan abin da ba mu tabbatar ba.

Yaya bai iya karyawa ba a safiyar nan. Da Inna ta matsa masa, sai ya dube ni ya ce, "Da na taɓa kunamar nan, da yanzu ko ina kabari ko ina kurkuku. Ga shi kuwa kai ne tsaye a bayana." Har yanzu yana zuwa sintiri, amma ya mayar da adaka, usur yake riƙewa. Allah ya tsare mu da aikin da na sani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.